Mai Rediyo da Lasifikar Hagu

Shekara arba'in da ɗaya Mai Rediyo ya yi yana gyara wa mutane kayan sauti, bai taɓa sayen sabo ko guda ɗaya don kansa ba. Sunan ya kama shi tun lokacin da rediyo kaɗai ake kawo masa. Daga baya aka koma kawo rikoda, da na'urar faifai, da amfilifaya, wato akwatin nan da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai ga lasifika, amma sunan ya zauna daram. Ko matarsa in za ta yi wa baƙuwa kwatance, gidan Mai Rediyo take cewa.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai yankan makulli da mai gyaran agogo. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙarfen narka dalma, sai gwangwanayen madara jere a kan kanta, kowanne cike da ƙananan kaya waɗanda shi kaɗai ya san mazauninsu. Yana da mita ta awon wuta, amma ba da ita yake aiki ba. In aka kawo kaya sai ya ce a kunna, ya rufe ido, ya ɗan karkatar da kai kamar kaza ta ji motsi, kafin minti ɗaya ya cika ya faɗi abin da ya mutu a ciki. A buɗe kuwa a tarar haka ne. In ka ga ya ɗauko mita, to don mai kaya ya gamsu ne kawai. Bai yi karatu mai nisa ba, bai tara dukiya ba, ba shi da tsayi, ba shi da murya. Kunne Allah ya ba shi, kuma duk girman da ake ba shi a layin nan, kunnen ake ba wa.

In za a faɗi gaskiya, ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Bakinsa ya fi ƙarfen dalmarsa zafi. Yana da wata ƙa'ida da duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya haddace ta dole. In mutum ya zo da ƙorafin cewa gefe ɗaya na kayansa ya yi rauni, ba a taɓa sukudireba sai an yi musaya uku. Da farko a musanya wayoyin bayan amfilifaya, na hagu su koma dama. In raunin ya ƙaura, laifin amfilifaya ne. In bai ƙaura ba, a ɗaga lasifikun kansu a musanya musu wuri. In ya bi ɗaya, laifinta ne. In nan ma bai motsa ba, sai a juya kujera, mai kaya ya zauna ya ba lasifikun baya. In raunin ya tashi ya koma ɗaya gefen, to ba a cikin akwati matsalar take ba, a jikin mai sauraro take.

Ya taɓa yi wa wani shugaban makaranta wannan musaya ta uku a falonsa, gaban matarsa da surukansa. Da bawan Allah ya ce yanzu kuma ta dama ce ba ta fita, sai Mai Rediyo ya rufe jakarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, kayanka lafiyarsu ƙalau. Kai ne za a kai gyara, ni kuwa ba ni da kayan gyaranka." Ya yi shekaru yana ba da wannan labari a bakin shago, yana dariya har da buga cinya. Bai taɓa tsayawa ya tuna yadda fuskar mutumin ta yi ba.

Da 'ya'yansa suka watse gidajen aurensu, sai ya karɓe ɗakinsu ya mai da shi ɗakin sauraro. Lasifika biyu na katako, kowacce ta kai masa ƙirji, shi ya haɗa su da hannunsa cikin shekara tara. Ya auna tazararsu da bango da tef ɗin awo, ya ɗiga jan fenti a ƙasa a wajen kowace ƙafa, don kada mai shara ta gusar da su. Labule mai kauri a taga, kafet a tsakiya, kujera guda ɗaya tak, ita ma da ɗigon fentinta, a daidai wurin da sautin hagu da na dama suke haɗuwa. Matarsa tela ce. Wurinta wani ɗan benci ne a bakin ƙofa ta hannun dama, inda haske ke shigowa, nan take zama da la'asar tana kalmasa da saka maɓallan riga yayin da yake sauraro. Shekara da shekaru ba wanda ya ga wani abu a cikin wannan tsari, har ita.

Amfilifayarsa tsohuwa ce mai kwalba, irin ta da mai ƙwayayen gilashi a ciki da sai sun ɗumama take aiki, wadda wani ya kawo gyara bai dawo ba, shi kuma ya tashe ta daga mutuwa. Maɓallan murɗawa uku ne a gabanta. Na tsakiyan shi ne mai karkatar da sauti hagu ko dama, kuma a kansa dokar gidan ta fi tsanani: farin layin da ke kansa yana tsaye ƙyam yana kallon sama, ba mai taɓa shi, har shi kansa. Cewa yake yi wannan maɓalli don masu lalatattun kaya da lalatattun kunnuwa aka yi shi.

Shekara ɗaya bayan ya rufe shago ya huta, wata Talata da hantsi, amfilifayar ta mutu. Hancinsa ya riga idonsa sani. Warin ƙonanniyar taransifoma ba ya ɓoyuwa ga wanda ya tsufa a cikinsa. Irinta an daina yi tun tuni, masu naɗa ta da hannu da ya sani kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya yi kwana biyu yana zagaya ta kamar mai jinya, sannan ya yanke shawara. Zai sayi sabuwa, kuma mai taransista, ba kwalba. Ya sha yi wa masu taransista ba'a a gaban jama'a, amma a ransa ya san abin da ya sani: ba ta mai da ɗaki gidan burodi, ba sai ka jira ta ɗumama ba, ba ka yawon neman kwalba duk shekara biyu, kuma tana riƙe ƙasan sauti gam, ganga ta fito ganga.

Wurin Dogo ya nufa. Dogo a hannunsa ya koyi aiki shekara talatin da suka wuce. Yanzu gemunsa ya yi furfura, yana da jikoki, yana da shago mai ƙofar gilashi da ɗakin gwaji a ciki. Duk da haka da ya hango shi sai ya miƙe tsaye ya fito har waje.

"Maigida da kansa! Yau wace rana?"

"Ranar da za ka nuna min ko ka koyi wani abu. Amfilifaya nake so. Kar ka karanto min takarda."

"Akwai wata mai wat ɗari biyu a kowane gefe..."

"Na ce kar ka karanto min takarda. Takarda ba ta jin kunya, komai aka rubuta mata ɗauka take yi. Lasifikuna om huɗu ne, mayunwata ne, wuta suke ci. Ina son wadda in nauyi ya hau kanta ba ta durƙusawa. Kawo in ɗaga."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kowacce ya ji nauyinta, don a cewarsa taransifoma mai gaskiya ba ta ɓoye kanta. Ya leƙa ta ramukan iska ya ga yadda aka jera kayan ciki. Ya sa aka kunna ba tare da kiɗa ba, ya kanga kunnensa na dama a jikin lasifika yana neman huci. Ya sa aka bar su a kunne sa'a guda, ya dawo ya shafa haƙarƙarin ƙarfen nan da ke shan zafi. Duk wadda ya ga maɓallai sun yi mata yawa a gaba, ko kallo na biyu ba ta samu ba.

"Na ƙara sauti da na zaɓen faifai, shi ke nan," in ji shi. "Sauran duk ƙofofi ne da datti ke bi ya shiga."

Ya ware guda uku. Dogo ya ce ya tafi da su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta yi mako a gidansa, don ɗaki ma yana da nasa bakin.

Da faifai ɗaya yake gwada komai, shekara ashirin ke nan. Wata mata ce take waƙa, muryarta a tsakiya sak, ganga ta hannun dama, jita ta hannun hagu, sannan can bayan jitar akwai wata 'yar ƙararrawa da ake taɓawa jefi-jefi, tsin, tsin. Ya san faifan nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa.

Ta farko baƙa ce, sai da mutum biyu suka shigo da ita. Ya haɗa, ya zauna, ya rufe ido. Gangar ta fito yadda bai taɓa jin ta ba, har cikin ƙirjinsa. Ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya. Mawaƙiyar ba ta tsakiya. Ta gusa dama da kamar taku biyu, ta je ta tsaya kusa da mai ganga. Jitar ta yi nisa kamar daga ɗakin maƙwabta ake kaɗa ta. Ƙararrawar kuwa babu ita.

Kwana biyu ta yi ya mayar. "Gefen hagunta ya yi rauni," ya ce wa Dogo. "Sabuwa fil, a kwali. Abin da ake yi yanzu ke nan."

Dogo ya ce a ɗora ta biyu a mota.

Ta biyu fara ce, muryoyi suna fita a cikinta tas. Ita ma mawaƙiyar tana can wajen mai ganga. Ya yi musaya ta farko, raunin bai ƙaura ba. Ya kira maƙwabci suka ciccibi lasifikun suka musanya musu wuri, raunin yana nan a hagu. Ya ɗora laifin a kan labule, ya cire shi. Ya ɗora a kan kafet, ya naɗe. Ya sake wayoyi. Abinci sai ya huce a faranti, ya yi ta faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matarsa tana bencinta tana ɗinki, ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai.

Ta uku ce ta fi tayar masa da hankali, don ya san ta fi duk abin da ya taɓa shiga ɗakin nan. Ba huci ko kaɗan. In kiɗa ya yi shiru, shirun ma sai ka ji shi. Ya so ta tun a minti na farko, kuma ita ma hagunta a mace. Ya bar ta a ɗaki ya tafi shagon Dogo hannu rabbana, ya ce a aika a ɗauko.

Dogo ya zagayo ta bayan kanta, ya tsaya ta hannun damansa. "Maigida, biyun da ka dawo da su na auna su. Hagu da dama daidai suke, ba bambanci ko na gashin kai."

"Mita ba ta da kunne."

"Haka ne. To akwai wata a ciki, mai kyau ce ƙwarai, tana da maɓallin karkatarwa. Da ka ɗan murɗa shi hagu..."

"Ni za ka sayar wa sandar guragu? Ni?"

Mutum biyu da ke duba kaya suka waiwayo. Dogo ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya, amma bai janye ba.

"Ka gafarce ni, Maigida. An yi musaya?"

"Na yi. Sau biyu."

"Uku ka koya mana."

Mai Rediyo ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya juya ya fita. A hanya ya yi ta ce wa kansa yaron nan ya samu shago ya samu baki. Amma tsoro ne a cikinsa, tsoro tsagwaronsa, kuma ya sani.

Hujja ɗaya ta rage masa, ya kuwa riƙe ta da hannu biyu. Makonni uku da suka wuce, a kan tsohuwar amfilifaya, mawaƙiyar tana tsakiya. Kunne ba ya mutuwa cikin mako uku. Saboda haka zai naɗa taransifomar nan da kansa, ko zai yi wata guda yana ƙirga zagayen waya, ya tashi tsohuwar, ya kira Dogo ya zaunar da shi ya ji.

Washegari bayan karin kumallo ya shimfiɗa jarida a tebur, ya ɗora tsohuwar, ya buɗe akwatin kayan aikinsa. Kafin a kai ga taransifoma sai an cire fuskar gaba, kafin a cire fuska sai an zare maɓallai. Kowane maɓalli hula ce kawai da aka ɗora a kan 'yar sandar tagulla, ɗan sukuru a gefe yana riƙe da ita. Ya zare na farko. Ya zo kan na tsakiya, sai ya ga kan sukurun duk ya ƙwarzane, irin ƙwarzanewar da sukudireba ba ta yi. Ya kwance, ya zare hular, ya jawo fitila.

Duk lokacin da aka ɗaure irin wannan sukuru, tsininsa yana barin ɗan tabo a jikin tagulla. Tabo ɗaya ya kamata ya gani, nasa, na ranar da ya haɗa ta. Bakwai ya gani. Suna jere suna zagaya sandar, kowanne ya ɗan gusa daga na bayansa, kamar sawun tururuwa. Ya kama sandar da yatsa biyu ya murɗa hagu. Kaɗan ta motsa ta tsaya, ta kusa ƙurewa. Ya murɗa dama, ta yi ta tafiya. Wato shekara da shekaru layin hula yana kallon sama, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa yana can hagu. Wani ne yake murɗa sandar, ya sassauta hular, ya mai da layin tsakiya, ya ɗaure.

Ya daɗe a zaune da hular a tafin hannunsa. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin sauraro, ya kunna sabuwar, ya sa faifan. Ya kama kujerar nan da ba ta taɓa barin ɗigon fentinta ba, ya juya ta, ya zauna ya ba lasifikun baya. Bai kai ga rufe ido ba ma. Jitar ta matso kusa, 'yar ƙararrawar da ya yi mako uku yana nema ta ce tsin a kunnensa na dama. Gangar ce yanzu ta koma ɗakin maƙwabta.

A haka matarsa ta same shi, yana fuskantar bango. Ta tsaya a bakin ƙofa da riga a hannu da almakashi rataye a wuya. Ta ga kujerar, ta ga hular maɓalli a hannunsa, ba ta tambayi komai ba. Ta zagayo ta damansa. Sai a lokacin ya lura cewa kullum ta nan take zagayowa, a gida, a hanya, a wajen cin abinci. Dogo ma haka ya yi jiya.

"Shekara nawa?" ya ce.

"Shida. Da 'yan watanni."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa maka, Malam. Sau ɗaya. Na ce ina yi maka magana ta nan gefen ba ka amsawa. Kwana uku ka yi ba ka ci abincina ba."

Ya tuna. A lokacin ya ɗauka raini ne.

"Daga nan ka kwance lasifikar hagu," ta ci gaba, "ka baje ta a tsakar ɗaki mako guda, kana zagin waɗanda suka yi faifai. Ina goge ƙura sai na ɗan taɓa abin nan. Ka shigo ka zauna, na ga fuskarka ta saki, ka ce ai ka gyara ta. Can ka hango layin ya karkace, ka yi ta faɗa, ka mai da shi. Fuskar ta sake ɗaurewa. To ni na sha ganin yadda kake cire hulunan nan a shago in na kawo maka abinci."

"Da me kika kwance sukurun?"

Ta ɗaga almakashin wuyanta.

"Almakashi! A gidan da ke da sukudireba goma sha biyu!"

"Goma sha biyun duk a akwati suke, makulli a aljihunka."

Ya dubi bencinta a bakin ƙofa, can ta hannun dama, nesa da inda ta tura sautin.

"Ke kuma duk shekarun nan kina zaune a can, kiɗa yana gudunki."

"Ni ɗinki nake yi. Haske nake bi. In na ga ka fara karkata kai kana hararar ta hagun, sai in san lokaci ya yi, in jira ka fita. Na ƙarshen da na yi, na ji abin ya kusa ƙurewa. Na yi ta tunanin yadda zan yi in ya ƙure. Da ta ƙone ran nan, Allah ya yafe min, sai da na ji sanyi a raina."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ba ta kunnen ba ce kaɗai. Shugaban makarantar nan ne ya faɗo masa a rai, yana zaune ya ba lasifikunsa baya, surukansa suna kallo. Shi a gaban mutane ya yi wa mutum haka, ya kuma yi shekaru yana dariya. Shi kuwa an yi shekara shida ana rufa masa asiri da tsinin almakashi.

Ya miƙe, ya juya kujerar, ya saita ƙafafunta a kan jan fenti.

"Zauna," ya ce.

"A nan? Rufa min asiri."

"Zauna, Umman yara. Aiki zan ba ki. Amfilifaya za a zaɓa, gidan nan kuma kunne biyu masu lafiya naki ne."

Ta ajiye rigar, ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa. Ya ce ta jingina, ta rufe ido. Ya mai da faifan farko. Ya tsaya yana kallon fuskarta, yadda a da yake kallon allurar mita.

"Ina mai waƙar take?"

Ta miƙa hannu gaba. "Ga ta nan, saitin hancina. Kai! Kamar in taɓa ta." Ta buɗe ido ta duba tsakanin lasifikun, ta sake rufewa. "Har jan numfashinta ina ji. Dama haka kake jin ta?"

"A da. Gangar fa?"

"Nan." Ta nuna dama. "Jita nan. Akwai kuma wani ɗan abu a bayanta, yana cewa tsin."

"Da ƙarfi ɗaya suke, hagu da dama?"

"Ɗaya."

"Ba ya soka miki kunne in ta ɗaga murya?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. Ya fita falo ya kira Dogo a waya, ya kanga ta a kunnen dama.

"Kar ka aiko kowa. Amfilifayar ta zauna."

"To, Maigida. Ko in kawo mai maɓallin nan ka gwada?"

"A'a. An karkatar da ɗakin nan shekara shida saboda mutum ɗaya, ya isa." Ya yi gyaran murya. "Na yi musaya ta ukun. Ka koyi aiki."

Bai jira amsar Dogo ba, ya kashe wayar.

Ya ɗauko kujerar roba daga tsakar gida ya shigo da ita. Ya ajiye ta hagu da ta matarsa, ya zauna, ya saurara, ya tashi ya ƙara gusawa. Sau biyar yana yi, yana matsawa kusa da lasifikar hagu, har mawaƙiyar ta bar wajen mai ganga ta dawo kusa da inda ya san ta. Ba daidai ba, amma kusa. Nan ya durƙusa da gwangwanin jan fenti ya ɗiga sababbin ɗigo huɗu. Ya ce in ya je asibiti an ba shi abin sawa a kunne, wataƙila a sake awo. Ta ce 'yarsu ta daɗe da samo sunan likita, tsoron faɗa masa ake yi.

Tun daga ranar kujerar tsakiya tata ce. Da la'asar tana shigowa da ɗinkinta, amma ba ya ci gaba, don hasken wurin bai kai na bakin ƙofa ba, kuma rufe ido take yi. Ta fara samun ra'ayi: wannan faifan an cika masa ganga, wancan muryar ta yi ƙarfe. Yakan yi gardama don kada a ce bai yi ba, sannan ya yarda.

Ƙararrawar ce dai ba ta dawo masa ba, duk kusancinsa da lasifikar. Bai faɗa mata ba, ba ta kuma tambaya ba. In suka sa faifan nan, da an zo wurin sai ta miƙo hannu ta tsallake tazarar da ke tsakanin kujerun, ta ɗan buga masa yatsa a bayan hannu, sau biyu, daidai lokacin. Shi kuma ya gyaɗa kai, idonsa a rufe.